Jar Saniya a Bangon Mujallarmu

A ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan da na daina ɗaurawa, akwai wata mujallar makaranta da ba ta da bango. Ba gara ce ta cinye shi ba, ba kuma jikokina suka yaga ba. Ni na cire shi da hannuna, kuma da za a sake manna shi yau, da na sake cirewa. Duk lokacin da na ɗago ta raina yakan ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Na daɗe ina koyar da Faransanci a wata kwaleji a Tanut. Akwai wata ƙungiya da ke taimaka mana muna buga mujalla a ƙarshen kowace shekarar karatu, kafin yara su watse hutun damina. Ni aka ɗora wa tattara rubuce-rubucen ɗalibai, in gyara, in jera. Aikina ya tsaya a nan. Bango da shafin ƙunshiya, wato shafin da ake jera abubuwan da ke ciki, waɗannan na darakta ne, shi da wani saurayi mai ɗakin buga takardu a Damagaram. Ban taɓa ganin bango ba sai ranar da aka sauke kwalaye daga mota.

Wanda ya ga mujallar kwaleji ɗaya a ƙasarmu ya gama ganin sauran. A saman bango akwai launukan tuta. Ƙarƙashinsu a jera hotunan manya cikin ƴan da'irori kamar maɓallan riga: perefe, wato shugaban gundumarmu, a tsakiya, sufeton makarantu a damansa, darakta a hagu yana murmushin da mu malamai ba mu taɓa gani a fuskarsa ba. Sai babban hoto a tsakiya, wanda dole ya nuna arzikin ƙasa. Ban san wanda ya kafa wannan doka ba, amma ba a taɓa karya ta ba. In ƙasarmu ta Damargu ce, to sai an ga hatsi, sai an ga dabba, kuma sai komai ya yi kore shar, ko da a shekarar da aka sha fari.

Shafin ƙunshiya kuwa zaman fada ne aka mayar takarda. Jawabin perefe shi ne na farko. Na magajin gari ya biyo, sai na sufeto, sai na darakta, sai na wakilin ƙungiya, sai na shugaban iyayen yara. Kowanne ya gode wa na samansa, ya yaba wa na ƙasansa, ya ce yara su ne gatan ƙasa. Su yaran kuma, waɗanda da sunansu aka nemo kuɗin bugun, sai can ƙasa a ba su layi guda: "Alƙalamin ɗalibanmu." Ba suna ko ɗaya. Yarinya ta yi ta gumi a kan waƙarta, a buga, mahaifinta ya buɗe shafin farko bai ga alamar ta taɓa zuwa duniya ba.

Wannan ya daɗe yana ci mini rai. Kowace shekara sai na tayar da maganar a taron malamai, har aka sa mini ido, ana cewa ga madam mai sunaye ta miƙe. A shekarar da nake ba da labari darakta ya gaji da ni, ya ce na ci, za a sa sunan kowane yaro gaban rubutunsa. Na koma gida ranar ina jin daɗi.

A aji na kusa da na ƙarshe ina da wani ɗalibi, ɗan makiyaya daga wajen Tenhiya. Dogo ne, marar yawan magana, in ya tashi ba da amsa sai ya fara kallon ƙasa kamar a can ya ajiye ta. Amma in ya rubuta abu sai na karanta sau biyu don daɗi. Burinsa ya zama likitan dabbobi, kuma ba irin burin da yara ke faɗa don a tafa musu ba ne. Saura masa shekara guda ya zauna jarrabawar fita kwaleji, kuma duk malamai mun san zai wuce.

Yadda aka yi har ya zo Tanut karatu shi ma abin sani ne. Mahaifinsa yana da amini, wani manomi a Gangara. Kowace shekara in an gama girbi, hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, dattijon yakan gangaro da shanunsa ya sauka a gonar aminin nan. Shanu su ci kara da harawa, su bar taki, gidan manomi ya sha nono har su tashi. Tun iyayensu ake haka. Manomin yana da gida a Tanut inda ƴaƴansa ƴan makaranta ke zaune tare da kakarsu, sai ya ce a ba shi yaron ya haɗa da nasa. A nan yake ci, a nan yake kwana. Ba wanda ya taɓa kiran wannan biya, amma kowa ya san takin da nonon su ne suka sa dattijo bai ji nauyin barin ɗansa a gidan wani ba.

A shekarar ƙungiya ta ce a yi mujalla a kan zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Na ce wa yara kowa ya rubuta abin da ya sani. Yaron ya dawo daga hutun tsakiyar rani da rubutu a kan rijiyarsu: yadda garke ke jiran garke, yadda ake jan guga da sa, yadda shanu suka san layinsu ba sai an daka musu tsawa ba. Ya zo kuma da hoto, wani ɗan'uwansa mai waya ya ɗauka, aka turo mini a tawa. Shanun babansa ne a bakin rijiya, ƙasa fari fat ba ko tsinke. A gaba akwai wata jar saniya ta sunkuyar da kai cikin kwamin ruwa tana sha. Ƙahonta ɗaya ya miƙe sama, ɗayan ya lanƙwaso ƙasa har kusa da kumatu. Ya ce mini ita ce ke jan garken, kuma daga Tenhiya har Gangara ba makiyayi ko manomin da bai san ta ba.

Na miƙa rubutun da hoton ga darakta, na ce a sa su tare a shafi guda. Ya kalli hoton ya ce yana da kyau. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar da kwalaye suka iso muna cikin ɗakin malamai, hadari na haɗuwa a gabas. Aka yanke igiya, wani ya zaro guda ya ɗaga. Malamai suka fara cewa kai, bana an yi aiki. Ni kuwa na karɓi guda na ƙura wa bangon ido.

Saurayin Damagaram ya yanko shanun daga bakin rijiya, ya dasa su a tsakiyar gonar gero. Geron kore ne, ya kai musu ƙirji, ya riga ya fitar da kai. Rijiya ta ɓace, kwami ya ɓace. Jar saniyar nan da ta sunkuya shan ruwa, yanzu bakinta a cikin gero yake. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa noma da kiwo hannu da hannu. A sama perefe da sufeto da darakta suna kallo cikin da'irorinsu. Na buɗe shafin ƙunshiya. A can ƙasa an cika mini alkawari: an rubuta cewa hoton bango na ɗalibi wane ne, ga sunansa, ga sunan mahaifinsa a biye, kamar yadda ake rubuta sunan kowane ɗan makaranta.

Na shiga ofishin darakta ko sallama ban yi ba.

"Mushe darakta, ka dubi bangon nan kuwa kahin a buga?"

"Na duba, madam. Ni na ce ya yi. Lahiya?"

"Shanun mutum ne a cikin gero. Gero tsaye, ba a girbe ba."

Ya yi dariya, ya ce, "Madam, ai alama ce. Kowa ya san alama ce. Yaron nan gwani ne, da na'ura ya haɗa su. Shanu a kan rairayi tsura, wa zai sa wannan a bango? Masu ƙungiya sun gani sun yaba."

Na ce masa ni ƴar manomi ce, a Falanko aka haife ni, kuma a garinmu saniya cikin gero sunanta ɓarna, ba ta da wani suna. Na roƙe shi a cire bangon kafin a raba, ko a riƙe mujallar a sake bugawa. Ya ce an riga an gayyaci perefe bikin raba kyaututtuka, ba zai miƙa wa babban mutum mujalla tsirara ba. Da na matsa sai ya gyara zama ya ce, "In ma akwai matsala, ai ke kika nace a sa suna." Wannan magana har gobe ba ta bar ni ba. Na nemi a rubuta sunan yaro gaban aikinsa. Ban nemi a rubuta sunan ubansa gaban ƙaryar wani ba, kuma na faɗa masa haka a fuskarsa.

Darakta ba mugu ba ne, wannan ma ya fi ba ni haushi. A birni ya tashi, a birni ya yi karatu, an turo shi Tanut yana ƙirga ranar da za a mayar da shi. Shi da saurayin Damagaram sun ɗauka bango ado ne kawai. Ba su san cewa a ƙasarmu bango kaɗai ake karantawa ba. Cikin mujalla Faransanci ne, iyaye kaɗan ke iya bi, ƙarshensa hannun mai ƙosai da mai tsire. Bango kuwa takarda ce mai kauri mai ƙyalli, ba a yar da ita. Mai shayi ya kafa a rumfarsa, tela ya manna a jikin shago, tsohuwa ta rataya a ɗaki. Wanda bai san baƙi ko ɗaya ba ya san saniya, ya san gero, ya kuma san abin da ake yi wa mai saniyar da aka kama a ciki.

A wurin biki aka miƙa wa kowane ɗalibi tasa. Ina kallon yaron daga inda nake zaune. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Bai buɗe ba. Ya kife ta a kan cinyarsa, ya ɗora tafin hannu a kai, haka ya zauna har aka tashi. Da na same shi a bakin ƙofa sai ya ce, "Madam, ba su taɓa shiga ba. Wallahi ba su taɓa ba." Na ce na sani, ya kwantar da hankalinsa, ba abin da zai faru. Shi ya fi ni sanin ƙasar, ya juya ya tafi.

Yara suka watse, kowa da mujallarsa, zuwa Gangara da Falanko da Belbeji da rugage. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma. Ina gida ina hutu, gero ya fara ɗaukar ciki, sai ga manomin nan aminin dattijo ya yi sallama a ƙofata. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya fara magana.

Ashe a daminar da ta wuce an yi wa wani mutum ɓarna a bayan Gangara. Shanu sun shiga sun share masa kusan rabin gona, aka bi sawu ya ɓace a kan tsakuwa, ba a san ko na wa ba ne. Mutumin ya haɗiye abin yana ci masa zuciya. Ɗansa ma ɗalibinmu ne, ya kai mujalla gida. Uban ya ga jar saniya mai ƙaho a lanƙwashe, ya gane ta nan take. Ya sa ɗan ya karanta masa sunan da ke ciki. Washegari ya kai ƙara wurin mai gari, kuma an aika a kira dattijo daga arewa, daga inda yake kiwon damina.

Manomin ya ce, "Malama, mutumin nan tunda nake da shi ba a taɓa kiranshi gaban kowa ba. In kuna da abin da za ku ce, ku zo ku ce."

Na tafi gidan darakta. Na same shi yana haɗa kaya zai tafi Damagaram hutu. Na ce ya zo mu je tare, ko ya rubuta takarda ya buga mata hatimin makaranta cewa hoton haɗi ne. Ya ce makaranta ba ta shiga rigimar gona, in ya sa hatimi kamar ya amsa laifi ne, kuma abin zai iya kaiwa kunnen ƙungiya. Ya ce in je a matsayin kaina in ina so. Na fito daga gidan ina huci, ban ma lura takalmina ɗaya ba nawa ba ne sai da na kai titi.

Ranar zaman na shiga motar kasuwa zuwa Gangara. A ƙofar gidan mai gari aka shimfiɗa tabarmi, ni aka ba ni kujera daga gefe. A nan na fara ganin dattijon. Siriri ne, rawaninsa ya koɗe, ya ɗora sandarsa a kan gwiwoyi. Yaron yana bayansa a durƙushe. Mai ƙara yana riƙe da bangon, ya riga ya cire shi daga jikin mujallar, ya naɗe shi a leda don kada ya lalace.

Da aka ba ni dama na fito da wayata, na nuna hoton asali. Ga rijiya, ga kwami, ga rairayi, ga saniyar tana shan ruwa. Na yi bayani dalla-dalla yadda ake yanko abu daga wani hoto a dasa a wani. Waya ta zaga hannu-hannu, bango ma ya zaga. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai wani daga cikin dangin mai ƙara ya ce:

"To, Malama, mun ji ana haɗawa. Amma wane ne haɗin? Na waya kowane yaro yana iya wasa da shi. Wannan kuwa lakwal, makarantar gwamnati, ita ta buga. Ga tuta. Ga perefe da kanshi a sama. Perefe zai sa huskarshi a kan ƙarya?"

Na ga kawuna suna gyaɗawa. Ni da na yi shekaru ina yi wa hotunan nan na manya dariya, ina cewa maɓallan riga, ranar na ga aikin da suke yi. A idon mutanen nan manya uku ne suka tsaya shaida. Na buɗe tawa mujallar na ce bari in karanta musu rubutun yaron, a ji daga bakinsa cewa da rani ne, a bakin rijiya. Na nemo shi can kusa da ƙarshe, na fara karantawa ina fassarawa. Ban yi nisa ba mutane suka fara magana a tsakaninsu. Ba wanda ya zo sauraron tatsuniyar rijiya.

Abin da ya ceci dattijon ba wayata ba ce. Amininsa ne ya miƙe ya ce a daminar da ake magana shi da kansa ya je har arewa ya same shi da shanunsa, kuma a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Mai gari ya ce ba wanda ya ga shanun da idonsa a gonar, takarda kuma ba ta rantsuwa, don haka ba ƙara. Aka shafa fatiha. Mai ƙara ya mayar da bangonsa cikin leda, ya sa a aljihu, ya tafi bai gai da kowa ba. A hanyar fita na ji wata mata tana ce wa ƴar'uwarta ai dama masu shanu ba a kama su.

Na sami dattijon a gindin wata aduwa yana shirin komawa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ka yi haƙuri. An wanke ka."

"An wanke ni, Malama. Na gode da tahiyar da kika yi." Sannan ya ce, "Tun ina kamar yaron nan, in damina ta yi, tsaye nake da sanda tsakanin shanu da shukar mutane. Ƙafar saniyata ba ta taɓa taka gonar wani ba. Ku kuna zaune a inuwa kun shigar da su."

Ya ce bana ba zai gangaro Gangara ba ko an saki gonaki, ba zai kawo shanunsa inda za a riƙa nuna su da baki ba. In kuwa bai sauka a gonar amininsa ba, ba zai bar ɗansa yana cin tuwon gidansa ba. Aminin yana tsaye, ya rantse ya maimaita cewa yaron ɗansa ne, ko da taki ko babu. Ni ma na ce a ba ni shi, ina da ɗaki, shekara guda ce kawai ta rage. Dattijon ya saurare mu duka har muka gama, ya yi mana godiya mai yawa. Sannan ya ce, "Na ba lakwal yaro ta koya mishi rubutu. Ban ba ta shanuna ba, ban ba ta sunana ba. Ta ɗauka ba ta tambaye ni ba."

Na juya wurin yaron, ina fatan ya roƙi uban. Ya ce, "Madam, ni na kawo hoton." Ya ɗauki buta da tabarmar babansa, suka kama hanya.

Da aka koma makaranta bayan girbi, gurbinsa a benci ya zauna ba kowa har sai da aka matso da wani. Na aika saƙo ta bakin ƴan kasuwa ba sau ɗaya ba, amsa ɗaya ce ke dawowa: suna gaisuwa, sun yi arewa. A ofishin darakta kuwa an faɗaɗa bangon, an sa shi a gilashi an rataye, domin an yabe shi a wani taro a Damagaram. Duk sa'ad da na shiga sa hannu sai na ga saniyar nan tana cin geron da ba ta taɓa gani ba.

Da lokacin mujalla ta gaba ya zo na ce sai an buga gyara, kuma a bango, inda aka yi ƙaryar. Na kawo hoton asali na ce a sa shi yadda yake, da rijiyarsa da rairayinsa. Darakta ya ce bango ba wurin neman gafara ba ne. Na ce to a shafin ƙunshiya. Ya ce shafin ya cika, bana ma an ƙara jawabin wani babba. Bayan an kai ruwa rana aka ba ni layi biyu a shafin ƙarshe, ƙarƙashin tallar mai sayar da littattafai, da ƙananan baƙaƙen da sai na sa tabarau nake gani, cewa hoton bangon bara an sarrafa shi don ƙawa. Da Faransanci. A shekarar na ajiye aikin mujalla, na ce a nemi wani. Aka samu nan da nan, aka kuma koma rubuta "Alƙalamin ɗalibanmu" ba suna, wai don gudun irin abin da ya faru.

Shekaru sun shuɗe. Wata rana na je Belbeji biki, na ratsa ta kasuwar dabbobi, sai na ji an ce, "Madam." Na waiga na ga dogon mutum da rawani da sanda. Sai da ya kalli ƙasa kafin ya sake magana na gane shi. Muka gaisa, na tambayi babansa, ya ce yana nan, ƙafa ce dai ta fara gajiya, yanzu garken a hannunsa yake. Na tambayi jar saniya.

"Mun sayar da ita tun shekarar, Madam. Duk rijiyar da muka je sai an ce ga ta lakwal mai cin gero."

Sai ya ce, yana wasa da sandarsa a ƙasa, "Madam, rubutun nan nawa na rijiya, an buga shi kuwa a ciki?"

Na ce an buga, duka, ko kalma ba a cire ba. Na ce ashe bai gani ba? Ya ce bai taɓa buɗewa ba. Tasa a ranar ya jefa ta a wuta kafin ya isa gida, don kada babansa ya gani. Na ce ina da guda a ajiye, zan kawo masa. Ya ɗan yi murmushi ya ce yana so, in dai zan cire abin da ke gaba.

Ina isa Tanut na buɗe akwati, na fito da ita, na yage bangon na cusa a murhu. Ranar kasuwa ta gaba na koma Belbeji da ita a jaka, na zaga wurin shanu har rana ta karkata. Dillalai suka ce sun san shi, amma sun tashi, ruwan wajensu ya ƙafe, ba a san inda suka nufa ba. Na sake komawa bayan damina, ban same shi ba.

Tana nan a akwatin. Yanzu in an ɗago ta shafin ƙunshiya ne ke fara bayyana: perefe, magajin gari, sufeto, darakta, wakili, shugaban iyaye, kowa a mazauninsa. Sai ka bi da yatsa har ƙasa kafin ka iso sunan yaron, da lambar shafin da rubutunsa yake, wanda har yau bai karanta ba.